Ƙanzon Awakin Inna Tumba

'Ya'yana, ranar sunan ɗiyar Nasiru ina zaune a zaure na jiyo Asma'u daga cikin gida tana ba surukanmu dariya. Labarin mahaifiyarku take ba su, Allah ya jiƙanta, wai a duk Birnin Kebbi babu macen da ta kai ta iya miya, babu kuma wadda ta kai ta ƙona shinkafa, har sai da Baba ya sayo mata tukunyar lantarki aka huta. Aka yi dariya, ta ƙauna ce, na sani. Na ƙyale, domin gidan suna ba wurin gyaran labari ba ne. Amma na yi shekara talatin da 'yan kai a gidan rediyo ina gyara labarin da wasu suka rubuto, wannan kuwa ni na haɗa shi, a bakina kuka ɗauke shi, don haka ni ya kamata in gyara. Ga gyaran a taƙaice, yadda muke sa kanun labari kafin bayani: mahaifiyarku Kulu ba ta taɓa ƙona tukunya bisa kuskure ba. Da gangan take yi, don wata tsohuwa ta samu abin da za ta ci ba tare da ta roƙa ba. Ni na hana, ban kuma san na hana ba sai da aikin gama ya gama.

Za ku tuna Inna Tumba, doguwar tsohuwar nan da ke shigowa da hantsi da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Ba 'yar uwarmu ba ce ta jini. Lokacin da aka sa ni sakandare a Argungu, mahaifina ya kai ni gidan wani abokinsa masunci ya ce ga amana. Inna Tumba matar masuncin ce, shekara biyar ina cin tuwonta. A wancan zamani ita ce babbar mai bandar kifi a unguwarsu. Murhun banda uku gare ta a bayan gida, hayaƙi ba ya yankewa, direbobin kudu suna jeruwa a ƙofarta suna jiran kwandunansu. Ban taɓa ganin an ɗora tukunya a gidan don mutanen gidan kaɗai ba. Sanda take kirana, kamar yadda ake kiran kowane Umaru a can. In na ce na ƙoshi sai ta ƙara mini malmala, ta ce:

"Ci, Sanda. Boko ba shi zama kai in ciki na kuka."

Bayan na kama aiki a Birnin Kebbi na yi aure, mijinta ya rasu. Kifi ya ragu a gulbi, masu jari suka janye mata masu saye, murhunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ɗiyarta tilo da ke aure a nan ta ɗauko ta, ba a shekara biyu ba ita ma ɗiyar ta rasu. Surukin ba mugu ba ne. Da aiki ya mai da shi wani gari ya sa 'yan haya a gidan, ya bar mata ɗakin baya kyauta. Tsakanin gidan da namu layi biyu ne. Da na ji halin da ake ciki, na ɗebi rabin buhu daga shinkafar da ƙanena ke aiko mana daga gonar Zauro, na ɗora wa ɗan kabu-kabu ya kai mata. Kafin la'asar ya dawo da rabin buhun yadda yake, an ɗaure wani ƙaton kifi banda a bakinsa. Na tambaye shi me ta ce.

"Ta ce in gaya ma Sanda ta gode. Ta ce hannun da ya saba zubawa ba shi iya tarewa."

Na ci kifin, na gaya wa kaina abu biyu: tana da abin da take ci, ni kuma na fita hakki. Na farkon ban bincika ba, ni da ba na karanta labari sai na ji shi daga majiya biyu.

Ku da kuka saba da gas kuna bukatar a bayyana muku matsayin ƙanzo. Abin da ya kama a gindin tukunya ne, a kankare, a shanya, in an so a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, in ba a so a ba dabba. Abin lura shi ne, ƙanzo ba kyauta ba ne, ba kuma sadaka ba ne. Kamar ɗibar wuta yake tsakanin maƙwabta: ba a jin kunyar tambaya, ba a hanawa, ba a dogon godiya. Mace mai daraja da ba za ta karɓi kwanon tuwo ba, za ta iya karɓar ƙanzo kanta a sama. Mako biyu bayan dawo da buhun nan Inna Tumba ta shigo gaisuwa, da za ta tafi ta tsaya a bakin kicin ta ce:

"Kulu, ɗiyata, in kun kankare tukunya ku aje mani ƙanzon. Awaki biyu gare ni, sun hi ni son shinkahwa."

Daga wannan makon shinkafa ta fara kamawa a gidanmu. Kafin nan mun shekara takwas da aure ba ta taɓa kamawa ba, amma ban haɗa abubuwan biyu ba. Abin da na yi shi ne na mai da shi wasa. In na dawo daga aiki na ji ƙauri sai in tsaya a tsakar gida, in gyara murya kamar an kunna mini jar fitilar ɗakin karanta labarai, in ce rahotannin da ke shigo mana yanzu daga kicin na cewa an sake yin gobara a Zauro, ba a dai rasa rai ba. Ku kuma ku faɗi ƙasa kuna dariya, Asma'u ta fi kowa, har ta koyi yi da kanta. Kulu takan yi murmushi tana zuba abinci.

"Ku dai ci. Na sama lahiya lau yake."

Gaskiya ne kuwa, na saman bai taɓa ɗaukar ƙauri ba. Wannan ma ya isa ya sa mai hankali tambaya. Shekara shida muka yi a haka.

A shekara ta bakwai abinci ya yi tsada, sai aka ba ni wani shiri na minti goma sha biyar duk ranar Alhamis, a kan tattalin gida da kayan kicin masu sauƙin kuɗi, saboda an yi wa matar da ke gabatar da shi canjin wurin aiki. Abokan aiki suka yi ta tsokanata, mai karanta labaran duniya ya koma maganar ludayi. Ni kuwa na ɗauke shi da gaske. Na sa wa kaina ƙa'ida cewa ba zan yabi abin da ban gwada a gidana ba. Kayan ina karɓo su ne a shagon Emeka a babbar kasuwa, wani Inyamuri da ya zo garin nan tun yana saurayi, wanda Kabancin bakinsa ya fi nawa, domin ni aiki ya goge mini nawa. Yakan ba ni abu in kai gida mako guda in dawo da hukunci. Har yau ina tsaye a kan yawancin abin da na faɗa. Magogin kuɓewa na ƙarfe ya cancanci kuɗinsa. Kula mai kyau tana riƙe zafin tuwo daga azahar har bayan isha'i. Ɗan murhun gawayi mai murfi yana rage gawayi ƙwarai. Wani abin yanka albasa mai ƙyalli kuwa a rana ta uku ya karye, na kuma faɗa a rediyo, Emeka ya yi mako ba ya amsa gaisuwata da kyau.

A cikin kayan nan akwai ɗan sikeli na kicin, wanda bai fi faranti ba. Shi ya fara jawo abin. Wata ranar Asabar na ga Kulu ta kankare tukunya ta kife ƙanzon a kan faifai, ya fito guda kamar waina, kaurinsa ya kai yatsa biyu. Na ɗauko sikelin na auna. Washegari na auna shinkafar kafin a ɗora, na sake auna ƙanzon. Kwana uku ina yi, ina rubutawa a bayan takardar shiri. Kulu na tsaye da muciya tana kallona.

"Malam, mi kaka aunawa?"

"Asara nake aunawa."

"To, Allah shi sa ka auna daidai. Ba duk abin da ya kama tukunya ba na asara."

Na ce mata sikeli ba ya ƙarya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake ɗorawa yana komawa ƙanzo, ga kuma yadda shinkafa take a kasuwa. Sai ta juya ga miyarta. Daga baya na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini ƙarara. Ta ce da ta faɗa, da na sa babbar riga na tafi ɗakin Inna da buhu da jawabi, buhun ya dawo, ƙanzon ma ya tsaya. Na duba wannan magana ta kowace fuska, ban samu inda ta kuskure ba.

Ranar Litinin na je wurin Emeka na ce ina son tukunyar da shinkafa ba ta kamawa a cikinta. Ya sauko da ta lantarki, fara, mai maɓalli ɗaya: a zuba shinkafa da ruwa a danna, in ta nuna wutar ta ɗauke da kanta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, a shekarun nan kuma wuta tana zama a unguwarmu. Yana naɗe ta yana kallona.

"Malam Umaru, Hajiya ta ce a sawo, ko kai kac ce?"

"Ni na ce. Kyauta zan yi mata."

"To. Ni dai shekara ashirin ina saida tukwane garin ga. Wadda macce ta zaɓa ba ta dawowa. Wadda maigida ya zaɓa, ko ta dawo shago, ko ta kawo magana gida."

Na ce masa ya ji da cinikinsa ya bar mini wa'azi. Muka yi dariya.

Da tukunyar kaɗai na kawo, da Kulu ta san yadda za ta yi da ni. Amma na ƙara da abin da har yau nake jin nauyinsa. Tukunyar da take dafa shinkafa a ciki ta aurenta ce, irin ta maƙeran gida, mai kaurin gindi. A makon nan ƙanwata da ke Argungu za ta aurar da ɗiya, ta aiko neman aron manyan tukwane. Na sa tukunyar Kulu a mota ba tare da na tambaye ta ba, na kuma ce wa ƙanwata kada ta yi gaggawar dawo da ita. A ganina na cire wa mai ciwo abin da ke sa masa ciwo. Da Kulu ta nemi tukunyar ta rasa, abin da ta ce kawai shi ne:

"Tukunyar aurena ta, Malam."

Na ce aro ne. Ta juya ta koma kicin. Sauran tukwanenta duk marasa kauri ne, in shinkafa ta kama a cikinsu baƙi take yi ƙirin, ko kaza ba ta ci.

Tukunyar lantarki ta yi aikinta yadda aka ce. Shinkafa ta fito warwar, gindin tukunya fes, ko tuwo za a yi a ciki ake dafawa a juye a tuƙa. Kwana huɗu Inna Tumba tana zuwa da ƙwaryarta tana komawa da ita wayam, Kulu tana ce mata gobe in Allah ya so. A rana ta biyar, Asabar da hantsi, ina zaune a gindin dalbejiyar tsakar gida ina gyara rubutun shiri, duk abin da ya faru a kunnena ya faru. Ashe Kulu ta ɗebi dafaffiyar shinkafa ta danne ta a faranti, ta shanya a kan kwanon ɗaki har ta bushe, ta ɓaɓɓalle ta kamar ƙanzo. Da Inna ta shigo, Kulu ta kawo ta zuba mata a ƙwaryar. Inna ta ɗauki ɓari guda, ta juya shi, ta kai hanci.

"Kulu, wanga ba wuta tag gasa shi ba. Rana ta."

"Inna, sabuwar tukunya ta, haka ƙanzonta yake."

"Ɗiyata, shekara arba'in ina gaban murhu."

Ta juye shi a faifan Kulu a hankali, ba tare da ko ƙwaya ta faɗi ƙasa ba, ta ce awakin ma kwanan nan cikinsu ba daɗi. Ta gaishe ni ta fita. Na amsa ban ɗaga kai ba. A raina na ce tsofaffi da fi'ili, akuya ce za ta bambance wuta da rana?

Rubutun da nake gyarawa a lokacin shi ne na tukunyar lantarki, ranar Alhamis kuma na karanta shi. Ina da takardar har yanzu. Bayan na bayyana yadda ake aiki da tukunyar, sai na ce: na san wani gida, ba zan faɗi unguwa ba, inda kashi ɗaya cikin huɗu na shinkafar da aka ɗora ke komawa ƙanzo, ƙanzon kuma ya ƙare a cikin awakin maƙwabta, jama'a, akuya ba ta taya mu noma ba. Na ji daɗin wannan jimla ta ƙarshe. Mai haɗa sauti ya ɗaga mini yatsa ta bayan gilashi. Abin da ban sa a lissafi ba, ko da yake na san shi sarai, shi ne Inna Tumba tana da ɗan rediyo mai batir, ba ta kuma taɓa barin shirina ya wuce ta ba. Takan ƙara murya ta ce wa matan gidan hayar su yi shiru, ɗanta na magana.

Sai da aka yi kwana goma kafin na lura ba ta shigowa. Na tambayi Kulu ko Inna ba ta da lafiya. Tana tsince wake, ba ta dube ni ba.

"Tahi ka gaishe ta, Malam. In ka je ka duba mani awakin."

Na tafi da la'asar. Ɗakin baya a rufe da kwaɗo. A gefensa ga turke biyu, igiyar jikin ɗaya ta ruɓe har ta manne da icen, ciyawa ta fito kewaye da su ta yi tsawo, babu kashin akuya ko ɗaya. Na daɗe ina kallon ciyawar nan. Wata daga cikin matan gidan ta leƙo ta ce Inna ta koma Argungu tun ranar Juma'ar da ta wuce waccan, da sassafe, da ƙullin kayanta da rediyonta. Na ce awakin fa, wa ta bar wa?

"Awaki? Ai Malam tun shekarar da ta fara zuwa gidanku ta saida su, lokacin da ta yi ciwon ƙafa. Hajiyarka ta sani, ita ta yi jinyarta."

Washegari na ɗauki hutun kwana ɗaya na shiga motar Argungu. Na same ta a tsohon gidan, wanda yanzu ɗan ƙanen mijinta ke ciki. Tana zaune a bayan gida, daidai inda murhunan bandarta suke a da, tana gyara wa wasu mata kifi ana biyanta. Ta gan ni ta wanke hannu, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma.

"Maraba da mai rediyo. Ya Kulu? Ya ɗiyan?"

Muka gaisa har ƙarshen gaisuwa, ba ta rage komai ba. Na fara magana ta ɗaga hannu, ta ce ba a magana da baƙo da yunwa. Ta shiga ɗaki, ta jima, ta fito da ɗan kwano ta ajiye a gabana. Kwaɗon ƙanzo ne, an jiƙa shi ya yi laushi, an barbaɗa ƙuli-ƙuli.

"Ci, Sanda. Shinkahwarka ta, saura na nika ɓoyo. Abincin awaki na, amma ba shi kisa."

Shekara shida ana kankare shi a gidana ban taɓa kai shi baki ba sai ranar. Babu ɗaci ko kaɗan. Akwai mai a cikinsa, akwai gishiri, akwai daddawa, har da ɓarɓashin kifi. Wato kafin Kulu ta zuba shinkafa, sai ta fara shimfiɗa waɗannan a gindin tukunya. Abinci ne cikakke, an kife shi ne kawai a ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Na ci loma uku na tsame hannu. Na ce Inna wallahi ban sani ba.

"Na san ba ka sani ba. Ni na san Kulu don ni taka ƙona shi. Ita ma ta san na sani. Shekara shida babu wadda ta ɗaga ido ta dubi 'yar uwatta. Kai ɗai na ba ka sani ba, kai kuma anka ba abin magana."

Na roƙe ta ta dawo. Na ce zan karɓo tsohuwar tukunyar yau ɗin nan, komai ya koma yadda yake. Ta girgiza kai, ta ce abin da aka yi shi ido a rufe ba ya yiwuwa ido a buɗe. Yanzu in ta miƙa ƙwarya ta san na sani, na san ta sani, to mene ne bambancinsa da bara? Sai na kawo abin da na iya. Na ce ranar Alhamis zan janye maganar a rediyo, in ba da haƙuri a gaban kowa. A nan ne ta yi dariya, dariya ta gaske, har da tari.

"Sanda, har yanzu boko bai bar ka ba. Da can awaki kac ce, mutanen gidanmu kaɗai sunka gane. Yanzu so kaka yi ka gaya ma Kabi duka Tumba ta ka cin ƙanzo?"

A aikinmu mun san gyara ba ya kai wa duk kunnen da kuskure ya kai, amma ban taɓa haɗuwa da kuskuren da gyaransa ya fi shi ɓarna ba sai ranar. Da zan tashi na ce ta yafe mini.

"Na yahe maka tun mota ba ta wuce Ambursa ba. Amma yahewa daban, komawa daban. Ka gaida mani Kulu. Ka ce mata hannunta ya hi nawa."

Duk da haka na biya gidan ƙanwata na karɓo tukunyar, na rungumo ta a mota har Birnin Kebbi. Na ajiye a gaban Kulu na ce ta ci gaba da yi, wataƙila in Inna ta huce mu riƙa aika mata. Ta saurari duk abin da ya faru a Argungu ba ta katse ni ba. Kuna makaranta a ranar, shi ya sa babu wanda ya gani a cikinku. Ta hura icce a tsohon murhu, ta wanke tukunyar, ta ɗora shinkafa, ta zauna a kujera 'yar tsugune ba ta ko leƙa ta ba sai sau ɗaya. Da ta nuna ta juye a kula, ta kawo mini tukunyar ta karkata ta ga haske. Ko ƙwaya ɗaya ba ta kama ba.

"Ka gani, Malam? Wanga kowace macce ta iya shi. Mai wuya shi na ka sa ta kama yatsa biyu ba ta yi ɗaci ba, na sama kuma bai ɗauki ƙauri ba. Sai ka janye icce ka bar garwashi, ka tsaya kanta. Wata uku na yi ina ɓata shinkafa kahin in iya."

Ta wanke tukunyar ta kife ta a saman kabad ɗin sito. Ba ta sake ɗora ta ba. Ta koma ga ta lantarki, ta kuma ce tukunya ce mai kyau, tana hutar da ita, har ta saya wa ƙannenta irinta a wurin Emeka. Ni ma ban taɓa cewa tukunyar na da laifi ba. An yi ta don kada shinkafa ta kama, ba ta kuma kama ba.

Sau biyu muka aika wa Inna Tumba saƙo ta hannun ƙanwata, sau biyu ya dawo, kowane da ɗan kifi a ɗaure a kai, na biyun ƙarami ƙwarai. Ta rasu kafin a girbe shinkafar waccan shekarar. Ɗan ƙanen mijinta ya ce zazzaɓi ne, matarsa kuma ta gaya wa Kulu cewa tsohuwar ba ta cin tuwon gidan sai ranar da ta samu aikin kifi ta sa nata a tukunya. Ajali na Allah ne, ban ce ni na kashe ta ba. Abin da na sani shi ne tana da abinci ɗaya tabbatacce a kowace rana, wanda take ci ba tare da ta sunkuyar da kai ba, ni kuma na auna shi a sikeli na karanta sakamakon ga jama'a.

Ni na daina wasan gobarar Zauro tun daga ranar, amma ku kun riga kun ɗauka. Duk sallah sai an yi shi, Kulu tana dariya tare da ku. Na sha ce mata ta bari in gaya muku. Takan ce sirrin ba nata ba ne, ba kuma nawa ba. Gara a ce ba ta iya shinkafa ba da a ce Inna ta ci abincin awaki. Ta riƙe wannan har ta koma ga Allah. Na daɗe ina tunanin ko ina da ikon buɗe abin da su biyu suka rufe. Abin da ya yanke mini shawara shi ne dariyar ranar suna: na ga labarin ya tsallaka zuwa gidan surukai, jikokina za su tashi da shi, babu kuma sauran wanda ya san gaskiya sai wanda ya ƙirƙiro ƙaryar. Ku riƙe shi a tsakaninku. In an sake tayar da maganar a taro, ba sai kun yi bayani ba, ku ƙi yin dariya kawai.

Asma'u, tukunyar tana nan a saman kabad, taki ce, domin ke kika fi kowa iya wasan, ke kuma kika fi kowa kama da ni. Kafin ki zo ɗauka zan wanke ta, don na taɓa ta. Tun bayan rasuwar mahaifiyarku sau uku ina sauko da ita ina gwadawa yadda ta faɗa: mai da gishiri da daddawa a ƙasa, a janye icce, a bar garwashi, a tsaya a kanta. Duk ukun baƙi ya yi, ya yi ɗaci. Na ƙarshen na kai wa akuyar maƙwabcinmu. Ta shinshina, ta dube ni, ta juya ga ciyawarta.